Noman Rani a Birnin Dubai

Idan aka ambaci Dubai a Kano ko Katsina ko Maraɗi, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne kasuwa. 'Yan kasuwar ƙasar Hausa sun daɗe suna zuwa unguwar Deira saro gwal da abaya da turare da wayoyin hannu. Sukan kwana huɗu ko biyar, su ɗaure kaya, su koma gida. Da wuya a ji wanda ya haɗa sunan wannan birni da noma, domin kowa ya san hamada ce a bakin teku. To amma ban da masu zuwa su koma, akwai Hausawa da zama ya kama su a can, wasu don aiki, wasu don karatu, wasu kuma aure ne ya kai su. Mai zama kuwa, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya so ganin wani abu kore da ya fito ta hannunsa.

Daga cikin mazaunan akwai wata mata da sauran Hausawa ke kira Hajiya kawai. Haifaffiyar Kura ce a Jihar Kano, kuma mahaifinta manomin tumatir ne a Kadawa. Ta yi shekaru tana koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata kafin ta bi maigidanta Dubai a shekarar 2019, inda yake aiki a wani kamfanin jigilar kaya. Suna zaune da 'ya'yansu uku a gidan haya a unguwar Mirdif. Bayan gidan akwai 'yar farfajiya da ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba, an daɓe ta da tayil, rana tana faɗa mata daga hantsi zuwa azahar.

Wata rana a wani babban kanti Hajiya ta ga wasu 'ya'yan itace a cikin 'yar robar da ba ta fi tafin hannu ba. Kowane ɗa yana lulluɓe da wata busasshiyar riga mai kama da takarda, idan an buɗe sai a ga ɗan ƙwallo ruwan ɗorawa mai sheƙi. Nan take ta ce, "Ai wannan matsarmama ce!" Yaran suka dube ta, ba wanda ya taɓa jin kalmar. Matsarmama wata ciyawa ce da ke fitowa da kanta da damina a gefen gona da kan juji. 'Ya'yanta suna cikin wata 'yar jaka mai iska, wadda yara kan tsinko tun tana ɗanya su fasa a goshi don ta yi ƙara, idan kuma ɗan ya nuna su sha. Kalmar ita ce kuma sunan jakar nan mai ɗaci da ke jikin hanta, kuma duk wanda ya ga su biyun zai ga kamar.

Sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Abin da Hajiya ta gani ɗan uwan matsarmama ne, amma ya fi ta girma da zaƙi. Masana tsirrai suna kiran matsarmama Physalis angulata, shi kuwa wannan Physalis peruviana, sunan da masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa a 1763. Dukansu dangi ɗaya ne da tumatir da gauta da barkono da dankalin Turawa. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka. An shuka shi a Ingila a 1774, kuma kafin 1807 Turawan da suka zauna a yankin Kef na Afirka ta Kudu suna nomansa, daga can ne aka kai shi Ostireliya. Shi ya sa Ingilishi ke kiransa guzberin Kef, ko da yake wasu na ganin sunan ya samo asali ne daga rigar da ke lulluɓe da shi, mai kama da alkyabba.

Kusan kowace ƙasa da sunan da ta ba shi. A Peru ana ce masa aguwaimanto, a Kolombiya uchuba, a Indiya rasbari. Maƙwabciyar Hajiya, wata Bamisiriya, da ta ga robar sai ta ce a garinsu harankash ake kiransa, kuma a bakin titi ake sayar da shi a kan amalanke. Wannan suna ne ya zauna a gidan. Wanda Hajiya ta saya daga Kolombiya aka kawo shi, ƙasar da ke kan gaba wajen fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. A can ana noma shi ne a kan tudu mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,800, inda gari ke da sanyi-sanyi duk shekara. Ya fi jin daɗin yanayin da ke tsakanin digiri 13 da 18, kuma idan zafi ya zarce digiri 30 sai furensa ya fara kaɗewa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba.

A nan gizo ke saƙar. Bahaushe ya raba shekara huɗu: bazara, damina, kaka da rani, kuma dukan lissafin manomi yana rataye ne a kan faɗuwar ruwan farko. A Dubai babu damina. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, wanda a Kano ana iya samunsa cikin mako guda na watan Agusta. A watannin Yuli da Agusta zafin rana yana haura digiri 40, da dare ma ba ya cika sauka ƙasa da 30. Sauƙi ba ya zuwa sai a Nuwamba. A Janairu rana takan tsaya wajen digiri 24, dare kuma wajen 15, sa'an nan daga Afrilu zafi ya sake kunno kai. Shukar da ta saba da sanyin tsauni, ina za ta sa kanta a irin wannan gari?

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ta taɓa ƙasa, Hajiya ta kira mahaifinta ta WhatsApp. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya faɗin sunanta.

"Baba, ina wuni? Wata shuka nake son yi, dangin tumatir ce, amma garin nan ba damina."

"Uwata, su tumatirin Kadawa damina ce ke yin su? Gaya mini, yaushe sanyinku ke shigowa, yaushe yake fita?"

Ta ce daga Nuwamba zuwa Maris.

"To ai magana ta ƙare. Ki ƙirga kwana arba'in kafin shigowar sanyi ki zuba iri. Sanyi ya zo ya tarar da dashe a ƙasa, zafi kuma ya zo ya tarar kin kwashe."

Tsohon ya san abin da yake faɗi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman Kadawa da Kura da Bunkure suke noman rani da ruwan da ke biyo magudanai. Sukan reni irin tumatir a ƙarshen damina, su yi dashe idan hunturu ya gabato, su yi ta ɗiba daga Janairu har zuwa lokacin da zafin bazara zai ƙone fure. Manomin rani ba ya duban gajimare. Abin da yake lura da shi shi ne sanyin dare, ruwa kuwa shi ke kai wa shuka da hannunsa. Da Hajiya ta jera watannin Dubai kusa da na Kadawa, sai ta ga sun yi daidai kamar an auna. Ashe Dubai gari ne da ba a yin kowane noma a fili sai na rani, kuma ilimin da ta tashi tana gani a gonar mahaifinta shi ne ainihin abin da ake bukata.

Iri bai yi mata wuya ba, domin ɗa guda na harankash yana ɗauke da ƙwayoyi 100 zuwa 300, ƙanana kamar riɗi. Ta zaɓi 'ya'ya uku mafiya nuna, ta matse su a cikin kofin ruwa. Ƙwayoyi masu kyau suka nutse, ta tsiyaye dusar da ta taso, ta shanya su a kan takarda a inuwa. A ƙarshen Satumba na 2023, lokacin da waje ke ci kamar wuta, ta zuba irin a cikin robobin yogot da ta huda wa gindi, ta yayyafa ƙasa kaɗan a kai, ta jera su a bakin taga cikin ɗaki mai na'urar sanyi. Harankash ba ya gaggawa kamar tumatir. Sai da aka kwana goma sha biyar kafin ɗan autanta ya shigo kicin da gudu yana cewa, "Umma, sun fito!"

Ranar wata Asabar maigida ya kai ta Warsan, inda masu sayar da shuke-shuke suka yi layi, akasarinsu mutanen Indiya da Pakistan. Ta sayi tukwanen roba shida, kowace mai cin lita 20. Yashin Dubai ba ya riƙe ruwa, ga gishiri a wurare da yawa, saboda haka sai an haɗa ƙasa da hannu: jan yashi marar gishiri, da takin dabbobi da ya ruɓe, da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa mai riƙe danshi. Mai shagon ya ba ta shawarar ta ɗaga tayil ta yi kwami a ƙasa, ta ce a'a. Gidan na haya ne, ana sabunta yarjejeniyarsa duk shekara, takardar zamansu kuma tana rataye da aikin maigida, ana sabunta ta duk shekara biyu. Kusan mutum tara cikin goma na mazauna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne. Wanda yake haka, gara gonarsa ta zama wadda za a iya ɗauka a sa a mota.

Ruwa ma yana da nasa lissafi. Kusan duk ruwan famfon Dubai daga teku ake janyo shi, a cire masa gishiri a manyan masana'antu irin na Jabal Ali, kuma kowace lita da kuɗinta. Hajiya takan tara ruwan da ta wanke shinkafa da ganye a bokiti, ta ba shukar da sanyin safiya. Kafin ta zuba takan tura yatsa cikin ƙasa, idan da danshi sai ta bari sai gobe, domin harankash ba ya son saiwarsa ta kwana a ruwa. Haka kuma ba ya son a bar shi da ƙishi sa'an nan a cika shi, don hakan na sa 'ya'yan su tsage. Idan ta ga farin gishiri ya fito a bakin tukunya, sai ta kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya har ya zubo ta ƙasa ya wanke shi.

A makon farko na Nuwamba ta yi dashe, da yamma bayan la'asar, kamar yadda ake yi a Kadawa don yabanya ta kwana cikin sanyi kafin ta haɗu da rana. Cikin wata guda shukar ta yi rassa, ganyenta mai laushi da gashi-gashi, siffarsa kamar zuciya. Da ta kai ƙugu sai aka kafa mata sanduna aka ɗaure da tsumma. Mahaifinta ya gargaɗe ta a kan takin zamani, ya ce dangin tumatir idan an cika musu taki sai su yi ta ganye su manta da haihuwa. Da farin ƙuda ya fara taruwa a ƙarƙashin ganye, ba ta je neman maganin kanti ba. Itatuwan darbejiya suna nan birjik a titunan Dubai, ita ma baƙuwa ce daga Indiya kamar yadda take a ƙasar Hausa. Ta jiƙa ganyenta ya kwana, ta sa ɗan sabulu, ta riƙa fesawa duk mako.

Fure ya fito a ƙarshen Disamba, rawaya, mai siffar ƙararrawa, yana kallon ƙasa, da ɗigo biyar masu duhu a cikinsa. Kowace safiya yaran sukan girgiza rassan a hankali don taimaka wa furen ya ƙulla. Idan ya kaɗe sai koriyar jaka ta bayyana, ta yi ta kumbura kamar fitilar takarda. A nan ne aikin ya koma na haƙuri, domin daga fure zuwa nuna akan ɗauki fiye da wata biyu. Hajiya ta kafa doka: ba a shan ɗanye, domin ɗanyen ɗan da ganyen suna da dafi irin na koren dankali. Alamar nuna ita ce rigar ta bushe ta koma launin kara, sau da yawa ma ɗan yakan faɗo da kansa. Ta dai yarda kowane yaro ya tsinki koriyar jaka guda ya fasa a goshi, don ya san abin da uwarsa ta yi tana yarinya.

Ɗiba ta yi ƙarfi ne daidai da azumin 2024, wanda ya kama ranar 11 ga Maris. Kullum kafin magariba akan tsinto goma ko goma sha biyar a gindin tukwane, a jera su a faranti kusa da dabino. Ɗanɗanonsa zaƙi ne da ɗan tsami, tsakanin tumatir da abarba. Wani lokaci Hajiya takan yanka shi a kan nono, wani lokaci ta dafa shi da sukari kaɗan a shafa a burodi lokacin sahur. Idan ba a cire rigar ba yakan yi wata guda a ɗaki bai lalace ba, don haka ta iya tara cikin kwano ta aika wa maƙwabciyarta. Bamisiriyar ta buɗe ɗaya, ta shinshina, ta daɗe ba ta ce komai ba. Washegari kwanon ya dawo cike da alkakin ƙasarsu.

Maigida mutum ne mai lissafi. Wata rana ya ce, "Hajiya, in aka haɗa kuɗin tukwane da ƙasa da ruwa, ai da kanti muka je da mun sayi fiye da wannan." Ba ta musa ba, domin gaskiya ya faɗa. Daular tana shigo da fiye da kashi 80 cikin ɗari na abincinta daga waje, kuma masu neman rage wannan dogaro manya ne. A 2018 gwamnati ta fitar da tsarin wadata ƙasa da abinci zuwa 2051, a 2022 kuma aka buɗe Bustanica, wata katafariyar gona ta cikin gini da ke fitar da ganyaye ba tare da ƙasa ba. Tukwane shida ba su da wani tasiri a wannan lissafi. Abin da ta ce masa shi ne, "Alhaji, saurari yaran nan." A farfajiya babbar 'yarsu, wadda kusan duk zancenta ya koma Ingilishi, tana yi wa ƙaninta faɗa da Hausa, wai ya taka yabanya kuma ya yi ban ruwa da tsakar rana. Iri, reno, dashe, taki, fure, nuna, ɗiba: waɗannan kalmomi ba a koyon su a cikin mota ko a kanti, sai a inda ake aikinsu.

Ranar Talata 16 ga Afrilu na 2024, mako guda bayan ƙaramar salla, aka yi ruwan da ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1949. A Khatm al-Shakla da ke yankin Al Ain an auna milimita 254 cikin ƙasa da awa 24, Dubai kuwa ta sami fiye da ruwan shekara guda a yini ɗaya. Tituna suka zama rafuka, zirga-zirgar jirage ta tsaya cik. Da ruwa ya fara taruwa a farfajiya, Hajiya da yaran suka yi ta ɗaukar tukwanen biyu-biyu suna ɗorawa a kan matakalar bene. Iska ta karya wasu rassa, amma ba saiwar da ta kwana a ruwa. Da ta aika wa mahaifinta hoton, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe kuna da damina, uwata, sai dai ta kwana ɗaya ce."

A watan Mayu zafi ya dawo. Fure ya riƙa kaɗewa, ganye ya yi yaushi tun da hantsi. A tsaunukan Andis harankash yakan rayu shekaru yana haihuwa, amma a Dubai wa'adinsa wata bakwai ne ko takwas. Hajiya ba ta tsaya jayayya da rana ba. Ta tuge shukar, ta zazzage ƙasar a buhu, ta kife tukwanen a inuwa, kamar yadda manomin Kadawa ke barin fili idan bazara ta kama. Kafin nan ta riga ta ware 'ya'ya mafiya girma daga shukar da ta fi jure zafi, ta wanke irinsu ta shanya.

Tsohon bai ga gonar da idonsa ba sai a Janairun 2025, domin daga Oktoba 2022 zuwa Yuli 2024 an dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar shiga ƙasar. Da ya zo, ya tarar da shuka ta biyu tana fure. Ya durƙusa, ya juya ganye ya dubi bayansa, ya tura yatsa cikin ƙasa. Bai yaba wa 'yarsa ba, don ba a san uba da yabon ɗa a gaban idonsa ba. Ya dai juya ga jikarsa ya ce, "Amarya, wa ke ba su ruwa?" Ta ce, "Ni ce, Kaka, da asuba." Ya gyaɗa kai.

Tun daga lokacin, duk watan Mayu Hajiya takan raba irin da ta shanya cikin ambulan uku, babbar 'yar ta rubuta sunan wata da shekara a bayan kowanne da Hausa. Na farko na shukar Satumba mai zuwa ne. Na biyu na maƙwabciya ne, wadda ita ma ta sayi tukwane, kuma sun yi alkawari cewa duk wadda tafiya ta kama a tsakiyar sanyi, ɗayar za ta karɓi shukarta ta ƙarasa reno. Na uku kuwa yana cikin jakar da ake ajiye fasfo.